Kafin Ringi Ya Zauna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ƙani ba ya yi wa yayarsa sai ya yi nisa. Yaya jikin Baba? Hannun nan da ƙafar sun fara jin magana? Ki ce ina duba shi, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata lau, in ban da kunnena da injin fasa dutse ya kusa cinyewa.

Kada ki wahalar da kanki da kiran wayata. Nan inda kamfani ya jibge mu babu sabis ko na rantsuwa, wayar ta zama madubin aski. Direban tankar da ke kawo mana mai shi zai riƙa kai miki takarda, ki riƙa ba shi amsa. Mutumin kirki ne, sai dai surutu kamar rediyon da makunninsa ya lalace.

Zancen Tsohuwa nake so in yi miki, a-kori-kurar Baba. Kin ga dai yadda na baje injinta a tsakar gida duk kwanakin da kuke asibiti, kina dawowa kina faɗa wai na ɓata miki siminti da baƙin mai. To na gama haɗa ta kafin motar kamfani ta zo ta kwashe ni, sai dai ban samu na fita da ita ba. Sabon ringi na sa mata, zoben ƙarfen nan da ke zagaye fistin. Da kin leƙa ramukan nan da fistin ke hawa da sauka a ciki ran da na gama goge su, da kin daina faɗa. Na bi su da dutsen washi har suka yi zane sirara, wani ya gicciye wani, kamar saƙar tabarma. Hasken safiya ya faɗa ciki, sai na ga kamar ƙananan rijiyoyi ne aka yi wa ado, har na ji ba na son rufewa. Na daɗe a tsugune ina kallo. Shayina ya huce, kazarki ta sa baki a ciki.

Sabon ringi baƙo ne a ramin nan. Sai sun gogi juna shi da bango, kowa ya rage wa ɗan'uwansa kaifi, sannan ya zauna. Ki gaya wa Baba na bar masa ita, makullin yana rataye a ƙusar bayan ƙofarsa. Kada a matsa mata, a bi da ita a hankali har ringin ya zauna. Sauran ba sai na faɗa ba. Mutumin da gashinsa ya yi fari a kan sitiyari ya fi ni sani, a bakinsa ma na ji.

Na tsinci wani littafin inji a sito, ɓera ya cinye bangonsa, ina bin sa da yatsa kamar yadda na koyi karatu a jikin kwalayen kayan gyara. Foman ya gan ni, ya ce wai karatun me mai sufana zai yi? Na ce masa irin wanda zai hana ni zama foman. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, na huta.

In rana ta take nakan shige ƙarƙashin tifa in rufe ido. Sai in ga Tsohuwa ta fita daga ƙofar gida, Baba ya ɗora gwiwar hannu a taga, hula ta karkace, hanya tana ta warwarewa a gabansa kamar bandir ɗin yadin da ya suɓuce miki daga kan tebur. Ba ta ƙarewa sai an buga ƙarfen komawa aiki.

Ƙaninki.

*

Barkono,

Wa alaikumus salam. Wai yau kai ne da gaisuwa har layi uku! Ashe nisa magani ne, da mun sani da tuni mun tura ka. Muna lafiya. Hannun hagun Baba ya fara riƙe kofi, ƙafar ce dai har yanzu sai ya ja ta da sanda. Likita ya ce a yi haƙuri, kamar da wani abin muke yi.

Na karanta masa takardarka a bayyane, ina zaune a kan keken ɗinki yana kan kujerarsa. Washegari da safe sai na ji Tsohuwa ta yi tari ta tashi. Na fito da almakashi a hannu, na same shi a ciki ya rufe ƙofa ya ɗage gilashi.

Tun ranar bai fasa ba. Da ya sha shayi sai ya ɗauki sanda ya lallaɓa ya shiga, ya tada ta, ya bar ta tsaye wuri ɗaya tana sulo a tsakar gida, tana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi. Sai rana ta hau bangon ɗakin girki yake kashewa ya fito, ya jiƙe da gumi. Ka kwantar da hankalinka, ko taya ɗaya ba ta taka waje ba. Kamar ƙwai muke riƙe da ita, yadda ka ce. Maƙwabcinmu mai buga bulo ya zo aro, wai a kai masa lodi bayan gari, na ce masa ya nemi jaki.

Har wani ɗan hayaƙi shuɗi take fitarwa ta salansa, yana bi ta cikin shanyata a hankali. In rana ta ratsa shi, kyau kamar yadin leshi. Kayan mutane dai sun fara warin gareji, amma na yafe maka.

Ka rage faɗa da foman. Ka riƙa cin abinci.

Yayarka.

*

Yaya,

Salamu alaikum, ina fata kuna lafiya, ni ma lafiya, to shi ke nan gaisuwa ta ƙare.

Sulo? Sulo fa kika ce? Kullum safiya, tun tafiyata? Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa ko zama zai canza ta. Ni na ce a bi da ita a hankali, ban ce a kwantar da ita a yi mata fifita ba! A hankali a kan hanya nake nufi, kada a yi tsere da ita, kada a sa injin kururuwa. Wa ya ce a ɗaure ta a turke?

Ki saurara, tunda ɗinki kika sani. Zanen nan da na ce miki na yi a cikin ramukan, shi ne haƙoran da za su ci ringi har ya zauna, kuma ba ya daɗewa. Ringi ba ya manne wa bango sai mota tana jan nauyi, ana ba ta wuta a hawa, ana saki a gangara. In aka bar ta tana sulo, ringin shafa bangon kawai yake yi kamar mai gaida suruki, mai ya ƙone ya liƙe a zanen, ramin ya yi santsi kamar tangaran. Daga nan ta gama. Za ta yi ta shan baƙin mai har ta mutu, sai an sake farke ta. Hayaƙin nan shuɗi da kike yi wa kirari, aikina ne yake ƙonewa yana bi ta cikin zannuwanki.

Kuma mutum ya zo da kansa da lodin bulo, maganin ya kawo kansa har ƙofar gida, kika aike shi neman jaki!

Ke ban ga laifinki ba, ba ki sani ba. Amma Baba fa? Shi da ya taɓa jefa mini tsumma a fuska don na bar sabon inji yana sulo na tafi shan ruwa? Ciwon nan ƙafa aka ce ya shanye masa. Ko ya haɗa da hankalin ne ba ku gaya mini ba? In ba zai fita da ita ba ya rataye makullin inda ya same shi, ya fi mata mutunci.

Tanka na jira, direba na ta danna oda.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin Baba? Ni ƙalau nake. Ko dai in ce jikina ƙalau.

Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, tanka ta daɗe ba ta zo ba. Da aka cike wajen ta zo, na tari direban tun bai kashe mota ba. Ya ce ya je gida, kin karɓi waccan takardar, ya koma kin ce babu amsa. Ya ce kuma bai ji ƙarar mota a gidan ba, ya ga dai an lulluɓe ta da tamfol. Mutumin da ba ya shiru, a nan ya juya yana duba tayarsa.

Da babu mai an tsayar da injin fasa dutse, wajen ya yi tsit har ina jin ɗigar ruwa daga kwano. Ramin da muka haƙa ya cika, ya zama tafki kore, gajimare na wucewa a ciki. Nakan zauna a bakinsa da littafin nan, in kai ƙarshen shafi ban san me na karanta ba. Jiya da rana barci ya ɗauke ni a wajen. Na ga Tsohuwa a tsakar gida, ciyawa ta fito ta tagoginta, kabewa ta yi yaɗo ta naɗe sitiyari. Injin yana ta sulo, ba kowa a ciki. Ina ta zagaya ta ina neman ƙofa, duk inda na taɓa sai in ji bango mai santsi. Can sai na ji Baba yana kirana daga cikin injin, ƙasa-ƙasa, da sunan da yake kirana ina ƙarami.

Yaya, waccan takardar. Ke kaɗai kika karanta, ko? Ki ce mini ke kaɗai kika karanta.

Ki zage ni ma in kin ga dama, amma ki rubuto.

Ƙaninki.

*

Barkono,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Na so in bar ka ka daɗe kana dahuwa, amma direban nan ya ce ka rame.

A bayyane na karanta. Yaushe na taɓa karanta takardarka ni kaɗai? Yana ganin tanka ta tsaya ya gyara zama ya ce in buɗe. Ina karantawa ina dariyar gaida suruki, bakina ya riga idona, sai da maganar hankalin nan ta fita sannan na ji abin da na faɗa. Ya tashi da sandarsa, ya rataye makullin a ƙusar, yadda ka yi umarni. Tun ranar ko tsakar gida ba ya fitowa sai dole. Kofin da ya fara riƙewa da hagu ya mayar dama.

Ran da zan lulluɓe ta na buɗe in kwashe tarkace. Na ga an jawo kujera gaba har ta ƙure. Na ga wani dogon ƙyalle, ragowar yadin labulen da na neme shi na rasa, an ɗaure shi a wuyan sitiyari an yi masa zarge a ƙasa. Na daɗe ban gane ba. Sai da na zauna na zura ƙafata ta hagu a ciki, na ja, na ga ta ɗaga ta sauka daidai kan kuloci.

Ka ji abin da yake yi kullum safiya. Ba ɗumama mota yake ba. Ɗaga ƙafar yake da ƙyalle ya ɗora, ya yi ta ƙoƙarin takawa, ita kuwa ta ƙi. Injin yake tadawa don kada in ji nishinsa.

Na kai masa ƙyallen ɗaki. Ya dube shi ya ce, "Na san sulo na kashe ta, tun ran farko na sani. Kowace safiya cewa nake yau ƙafar za ta taka, in fita da ita kafin ramin ya yi santsi. Ki gaya wa ƙaninki hankalin yana nan. Da ya tafi ma da na huta."

To na gaya maka. Kai mai karatu, sai ka duba littafinka ka ga shafin da aka rubuta wannan.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Ba shi a littafin, na duba.

Na kai takardarki bakin tafki na zauna da ita har inuwa ta juya. Ina ta ganin ƙyallen nan yana lilo a wuyan sitiyari. Can sai na tsinci kaina ina jin wata ƙara a kaina, taka-taka-taka, na rasa ta mene ne, sai daga baya na gane kekenki ne. Tun ina rarrafe nake ganin ƙafafun nan naki a kan feda daga safe har yamma, kin san inda za ki danna, kin san inda za ki saki, ba kya ko dubawa. Kuma kada ki yi mini musu, ke Baba ya fara koya wa tuƙi kafin ni, a filin bayan makaranta, har kika tsorata awakin mutane. Gidan nan akwai ƙafa, akwai kunne. Ba a jiki ɗaya suke ba, shi ke nan.

Wataƙila ramin bai gama santsi ba. Wataƙila kuma ya gama, ban sani ba, daga nan ba na gani. Amma ki je ki ba mai bulo haƙuri, ki ce jakin ya samu. Ya loda mata daidai, kada ya cika.

Kada ki roƙi Baba ya fito, kin san shi, roƙo ƙara masa nauyi yake. Ki zare makullin a gabansa, ki ce ke za ki fita da ita. Ki tada ta. Sannan ki sa giya ba tare da kin taka kuloci ya kai ƙasa ba. Za ta yi wata ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Ni da kaina nake cewa ki yi, ni da na haɗa ta, raina yana ciwo ina rubutawa. Ki yi, ki sake. Ba a haifi direban da zai iya kwanciya yana jin ana cin zalin giya ba.

In kun fita ku bi hanyar tudu. Yadda za a ba ta wuta da yadda za a saki, kada ki tambaye ni, yana kusa da ke wanda ya sani.

Wannan na ƙasa shi za ki karanta masa, na sama ki riƙe bakinki.

Baba, ina gaishe ka. Bakina ya fi ƙafarka ciwo, kuma ni babu likitan da ya ce a yi haƙuri da ni. Ka yafe mini.

Ƙaninki.

*

Barkono,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai dai bayana da kafaɗuna, kuma kai zan kama.

Na karanta masa na ƙasan. Ya ce, "Hm." Ka san nawa ne "hm" a wajensa.

Mai bulo ya loda, yana ta yi mini dariyar jaki. Na zare makulli, Baba yana kwance ya ba ni baya. Na tada ta. Na yi yadda ka ce, har haƙorana suka amsa. Shiru. Na sake. Ina shirin na uku sai na ji daga ɗaki, "Wace marar tausayi ce wannan!" Ga shi nan a bakin ƙofa, hula a baibai, sanda a sama maimakon ƙasa. Ya ce, "Taka ki kai ƙasa! Ƙasa na ce! Yadin mutane kike tsammani?" Na ce to ni iyakar iyawata ke nan, kuma fita zan yi. Ya dube ni, ya dubi ƙofar gida da ke buɗe. Ya zagaya ya shiga ɗaya gefen yana ta mita.

Ta mutu mini a bakin ƙofa, ta sake mutuwa gaban mai shago. Amma da muka bar gidaje ta saki jiki. Ya rufe ido, ya jingina kai, kunne kawai yake aiki. "Ba ta wuta. Ƙara. Kada ki ji tsoro, so take. Saki. Bar ta a giya ta riƙe kanta." Muka hau tudu tana nishi da bulo, muka gangara tana gunji, muka juya muka sake hawa. Gonaki na wucewa kore shar, iska ta cika motar, ni dai ban san tun yaushe rabona da ganin sama mai faɗi haka ba. Sai na tuna bandir ɗinka. Ashe da gaske haka hanya take yi.

A wani hawa na kai hannu zan canza giya na ji hannu a kai. Na hagun. Yana rawa, amma yana kai. Ya ce, "Ke taka, ni zan sa." Na taka. Ya daɗe yana lalube, ban taimake shi ba, na kafa ido a hanya. Ta shiga.

Zancen hayaƙi, tunda na san shi kake jira. Ya ragu sosai, amma bai ɗauke duka ba. In ta kwana takan yi ɗan shuɗi da safe kafin ta washe. Baba ya zare fulogi ya duba, ya ce rami ɗaya ne ya riga ya yi santsi, sauran sun kama. Na ce to in ka dawo ka farke ta. Ya ce in rubuta maka wannan da bakinsa, ga shi:

"Ka bar mini injina a rufe. Rami ɗaya ba ya hana mota hanya, a dai riƙa duba mata mai. Aikinka ya yi kyau, na ji a kunnena."

Yanzu ga abin da ka jawo mini. Kullum da ya sha shayi sai in ji oda a tsakar gida, yana zaune a gefensa yana jirana, kayan mutane na jibge a kan keke ban ɗinka ba. Mai bulo ya gaya wa mai yashi, mai yashi ya gaya wa mai katako.

Na tambaye shi in ka zo hutu wa zai tuƙa, ni ko kai. Ya ce gaba ya cika. Ka taho da abin shimfiɗa, a kan bulo za ka zauna.

Yayarka.